Sandar Giyar Marigayi Shozo

Shafi na 23

Masu cewa jiya na tauye muku mudu, yau na cika har da gyara.

"Ka cire sabuwar sandar giyar motar nan kafin jibi," in ji Norio. "Ka mayar da tsohuwar. Iyakar abin da nake roƙo ke nan, Baffa."

Yana tsaye a bakin garejina. Bai cire safar hannu ba, bai zauna ba. Norio surukin abokina marigayi Shozo ne, mijin 'yarsa Tamaki. A gidan waya yake aiki. Irin mutanen nan ne da ko kai ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri.

Na ce, "Tsohuwar tana nan. Ban taɓa yar da ƙarfen Shozo ba. Amma me zan ce wa matarka?"

"Ka ce saboda Baffa Ginji ne. Jibi addu'ar kwana arba'in da tara, za a raba kayan marigayi, shi za a ba motar tunda shi ne ƙanensa. Kafaɗarsa ba lafiya, gajeriyar sanda kuma tauri gare ta. Ai ba ƙarya ba ce."

"Ba ƙarya ba ce. Sai dai ba ita ta kawo ka ba."



Na ce, "Tambaya ɗaya, kada ka yi min ta gidan waya. Ran nan ka sa motar a giya ko ba ka sa ba?"

"Na sa."

"Ka ce wa 'yan sanda ka manta."

"Na ce."

"Ka ce wa Tamaki ka manta."

"Baffa, ita ta saya masa sandar nan. Da hannunta ta ɗaura jan zare a kwalin. In Baffa Ginji ya karɓi motar, safiya ɗaya ta sanyi ta ishe shi ya gane giya tana zamewa. Shi kuwa bakinsa ba ya riƙe ko ruwan shayi. Kafin azahar ta ji."

Na matsa wajen murhun kananzir, na ɗauko gwangwanin kofi biyu da na jera a kai. Na miƙa masa ɗaya. Ya riƙe bai buɗe ba.

Na ce, "To ga nawa sharaɗin. Ƙarfen da zan cire, nawa ne. Ba ka gan shi ba, ba ka tambayi inda ya tafi ba."

"Ka jefa shi a kogi."

"Kogin Teshio a daskare yake, ba ya karɓar ajiya sai Afrilu. Ka bar min wannan. Kai kuma?"

"Ni na manta. Haka zan ci gaba da cewa."

"Har yaushe?"

"Har ta daina tambaya."

"Wace tambaya? Yau kwana arba'in da bakwai ba ta ce maka ko sannu ba."

Ya sunkuya. Na sunkuya. An gama ciniki.

Da ya tafi na shanye kofin nasa. Faɗuwa ce ta zo min daidai da zama, shi bai sani ba.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba. A garinmu Nayoro ba mai jan birkin hannu daga Disamba zuwa Maris. Ka ja shi da safe, ya daskare, sai dai ku haɗu da bazara. Mota a giya ɗaya ake barinta. Haka iyayenmu suka yi, haka muke yi. Ran nan sanyi ya kai ashirin da bakwai ƙasa da sifili. Shozo yana son ya share ƙanƙarar da ta taru a bakin rumfar motarsa, sai ya ce wa Norio ya fitar da jar motar ya ajiye a kan gangaren gaban gida. Norio ya fitar. Tsoho ya ɗaga murya ya ce a kashe ta, hayaƙi yana damunsa. Norio ya kashe, ya tura sanda gaba, ya shiga gida ɗauko shebur na biyu.

Taya a kan ƙanƙara ba ta da murya. Shozo ya ba ta baya. Ta same shi a jikin bangon rumfa.

Shekara talatin yana ajiye motar nan a gangaren nan da doguwar sandarta ta asali, ko wejin tokare taya bai taɓa sa mata ba. A watan Oktoba ya cika saba'in. Tamaki ta yo masa odar gajeriyar sanda daga wani ƙaramin kamfani a Nagoya, don kullum kukansa a tseren kan ƙanƙara shi ne tsakanin giya biyu da uku yake barin rabin daƙiƙa. Gajeriyar sanda tafiyarta kaɗan ce, taƙi guda ka shiga. Amma abin da ka rage a tafiya, a ƙarfi kake biya. Kuma kuskuren da doguwa take yafewa, gajeriya ba ta yafewa.

Ni na ɗaura ta.

Ga abin da Norio bai sani ba, Tamaki ba ta sani ba, ku ma sai yau. A gindin sandar akwai ƙwallon ƙarfe da take juyawa a kai, ana cika shi da giris. Giris iri biyu ne a garejina: mai ruwa-ruwa na hunturu, da mai kauri na bazara. Ranar da na ɗaura, gwangwanin na hunturu ya ƙare, sabo bai iso ba. Rana ce mai daɗi, ko rigar sanyi ban sa ba. Shozo yana tsaye a kaina yana rawar ƙafa kamar ango. Na lakato na bazara na cika, na ce a raina kafin ƙanƙara ta sauka zan kira shi in canza.

Ƙanƙara ta sauka. Ban kira ba.

Shekara arba'in da ɗaya allon garejina yana rataye, ba a taɓa cewa motar da ta fito daga hannuna, ni Tetsuji, ta cuci mai ita ba. Ni aji tara na yi na bar makaranta. Ban da allon nan ba ni da wata takardar shaida.

Washegari Asabar. Tun yammacin Juma'a aka kawo motar a bayan babbar mota, ta kwana a filin gaban gareji, na sa mata weji a tayar baya, don filin nawa ma yana da ɗan gangare. Ƙarfe takwas na safe na fito. Ashirin da shida ƙasa da sifili. Gashin hancina ya haɗe tun kafin in kai ƙofar motar.

Na zauna a kujerar Shozo. Na zare fatar da ta rufe gindin sandar. Na sa farce na danna giris ɗin.

Kyandir. Farcena bai ko shiga ba.

Ban ji komai ba. Na jima ina kallonsa kamar aikin wani ne.

"Baffa, da tsufanka ka fara satar mota?"

Tamaki ce a bakin tagar. Baƙar riga har gwiwa, hula ta rufe kunne, fuska ba jini. Ta yi barkwancin, amma bakinta kawai ya yi shi. Na yi sauri na mayar da fatar.

Na ce, "Ɓarawo ba ya satar motar da duk Nayoro ta san kukanta. Mijinki ya kawo. Kafaɗar Ginji..."

"Na sani, ya bar min takarda a kan tebur. Haka muke magana yanzu, kamar ni ma gidan waya ce. Ba don motar na zo ba."

Ta zuge jakarta ta zaro takarda a ninke. Tun kafin ta buɗe na ga launin layukanta. Koriya, irin ta takardar rabuwar aure.

"Shaidu biyu ake so," in ji ta. "Baffa Ginji ya ce zai sa nasa gobe bayan addu'a. Saura kai. Kai ka buga hatimi a ta aure, kai za ka buga a ta rabuwa. Wanda ya ɗaura, shi ke kwancewa. Ko ba haka kuke cewa ba ku bakanikai?"

"Norio ya sa hannu?"

"Zai sa. Norio ko takardar rataye shi ka miƙa masa, sai ya tambaye ka a wane layi."

"Jar tawadar hatimina ta daskare, 'yar nan."

"Na zo da tawa. A cikin riga na riƙo ta, da ɗuminta."

'Yar Shozo ce. Ba ta taɓa zuwa wuri ta bar ƙofar fita a buɗe ba.

Na ce, "Bari addu'a ta wuce. Har ran arba'in da tara ubanki yana hanya, bai isa ba tukuna. Kada ya waiwayo ya ga wannan."

"Ya waiwayo mana. Da ya waiwaya ran nan ai da yana nan."

Ta gyara riƙon takardar.

"Ka san abin da ya tsaya min, Baffa? Ba mutuwar ba ce. Yadda ya faɗa ne. 'Na manta.' Sumul, ba ko gargada. Kamar wanda ya bar lema a jirgin ƙasa. Na jira ya yi kuka, ya buga kansa a bango, ya ce min wani abu. Sai 'na manta'. Da safe ya kunna wa Baba turare a gaban hotonsa, ya ɗauki jakar abincinsa, ya tafi aiki. Ni kwanonsa ma daban nake wankewa."

"Mutum yakan manta."

"Ungo, buga."

Na ce, "Hatimin yana ciki. Bari in ɗauko."

Na fito daga motar don in sami minti biyu in yi tunani. Kuskurena ke nan. Ban rufe ƙofar ba.

Da na dawo da hatimi a hannu, tana zaune a kujerar ubanta. Hannu biyu a kan sitiyari. Ba kuka take ba, zaune kawai take.

"Tun ranar ban shiga ba," in ji ta. "Har yanzu warin tabarsa. Ya ce min ya daina tun bara. Tsohon maƙaryaci."

"Fito, sanyi zai kama ki."

Hannunta na hagu ya sauka a kan sandar. Ba ta yi niyya ba, na san wannan. Wanda ya tashi a mota, hannunsa can yake zuwa da kansa. Tamaki sau biyu tana cin kofin tseren kan ƙanƙara na arewa kafin ta yi aure. Ubanta bai taɓa ci ko sau ɗaya ba, kuma bai taɓa gajiya da faɗin nata ba.

Ta taka kuloci. Ta tura gaba.

Ta tsaya.

Ta dawo da ita firi. Ta sake turawa. A hankali wannan karon, da yatsu biyu.

"Baffa."

"Na'am."

"Ba ta kai ba."

"Sanyi ne. Kowace giya tauri take da safe."

"Ban ce tauri ba. Na ce ba ta kai ba. Hannu yana jin kamar ta shiga, amma ba ta zauna ba. Saura kamar kaurin takarda biyu."

"Man giyabos ne ya yi kauri, in aka ɗumama inji..."

"Ran nan minti nawa injin ya yi a kunne?"

Na kalli allon garejina.

"Cire weji," in ji ta.

"Tamaki."

"Ƙafata tana kan birki. Cire."

"Ba wasan yara ba ne, bayanki titi ne."

"Ko ka cire, ko in fito in cire in dawo. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi."

Na sunkuya na doki wejin da dunduniyar takalmi. Ya fita.

Ta tura giya ɗaya kamar yadda kowa yake turawa, turi guda, ba tunani. Ta saki kuloci. Ta ɗaga ƙafa daga birki. Ta ɗora hannuwa a cinya.

Motar ta tsaya cak.

Na ce, "Kin gani? Yanzu fito."

"Shebur yana ina a gidanmu?"

"Me?"

"A bayan kicin yake. Daga mota zuwa can, a cire takalmi, a ɗauko, a dawo, minti ɗaya da rabi. Mu jira."

Muka jira. Hankaka ɗaya a kan wayar lantarki. Motar share hanya ta wuce can nesa. Tururin bakinta yana hawa gilashi yana zama fari.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinken cin abinci. Sandar ta yi tsalle ta dawo tsakiya. Motar ta fara tafiya da baya, shiru, ba ko motsin taya. Kamu ɗaya, kamu biyu. Ta taka birki.

Ba ta kalle ni ba.

Ta sake. Wannan karon ta riƙe, har minti uku ba ta zame ba. Ta sake na uku. Kafin in ƙirga ashirin, ƙas.

"Biyu cikin uku," in ji ta. Murya kamar mai karanta farashin kifi.

A nan ƙaramar farar motar Norio ta shigo filin. Ya ga ba motar matarsa a gida, ya bi sawu. Ya fito da gudu, ya zame, ya dafa ƙasa, ya tashi. Da ya ga inda jar motar take, da wejin a gefe, sai ya daina gudu.

Na mayar da weji. Tamaki ta fito. Ta tsaya a gabansa. Kwana arba'in da takwas, sai ga maganar farko.

"Ka sa ta a giya."

"Na manta."

"Kai? Kai da kake duba murhun gas sau uku kafin mu fita? Kai da ka taɓa juyo da mu daga Asahikawa don ba ka tabbata ka kulle taga ba?"

"Ran nan na manta."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya kalli takalminsa.

"Norio. Kalle ni."

Ya ɗago. Mutumin nan ƙarya ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa, ita ma da kai a sunkuye ya yi ta.

"Na sa," in ji shi. "Na ma girgiza ta in tabbatar. Da na fito na same ta a firi."

"Shi ne ka ce ka manta."

"Kina durƙushe a kansa kina kiran sunansa. Ɗan sanda ya tambaye ni. Na leƙa cikin motar, na ga sandar, na tuna ranar da kika ba shi. Sai bakina ya faɗa."

"Bakinka ya faɗa."

"In ni ne, kina da wanda za ki ƙi. Kina iya korata, ki huta. In kuwa..."

"In kuwa ni ce, ba inda zan kori kaina. Ƙarasa mana."

"Ba ke ba ce. Ƙarfe ne."

"Wa ya sayi ƙarfen?"

Ta matso taku ɗaya.

"Wa ya zauna sati biyu yana zaɓe? Akwai mai rage tafiya kaɗan, akwai mai ragewa da yawa. Na ce a ba Baba mafi gajarta, ya ji daɗi. Har na kira su na tambaya ko za ta iso kafin ranar haihuwarsa. Ban tambaye su sanyi ba. Ni 'yar Nayoro. Ban tambayi mutanen Nagoya sanyi ba."

Ina tsaye taku biyu daga gare ta. Kalma huɗu ce kawai. Giris ɗina ne, Tamaki. Na ji su a bakina, na ji nauyinsu. Na haɗiye su da miyau.

Ta juyo gare ni. "Kai ma ka sani, Baffa?"

"Jiya ya gaya min."

Gaskiya ce. Irin gaskiyar da Norio ya koya min jiya.

"Kuka haɗa kai ku cire ta in ban sani ba."

"Don ke muka yi."

"Kowa don ni yake yi." Ta koma kan mijinta. "Ka bar ni kwana arba'in da takwas ina kwana a ɗakin Baba. Ka bar ni na gaya wa Baffa Ginji kai ne. Na gaya wa matar mai kantin shinkafa. A gidan waya ba wanda yake zama kusa da kai lokacin cin abinci, an gaya min, na kuma ji daɗi. Ka ji? Daɗi na ji."

"Ba komai."

"Kada ka sake ce min ba komai. Ka sake faɗa, a nan zan sa Baffa ya buga hatimin."

Ya rufe bakinsa.

Ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta tsaya tana kallon bayan motar, inda fenti ya ɗan kwarzane. Iyakar abin da ya sami motar ke nan, ɗan kwarzane.

"Cire ta, Baffa. Yanzu. Ina kallo."

"Bari mu tura ta ciki, ta sha ɗumi."

"A nan."

Na ɗauko sifana mai lamba goma. Noti huɗu ne. Aikin minti biyar, na yi shi a ashirin, don dole na cire safar hannu, kuma tun a noti na biyu yatsuna suka daina gaya min abin da suke taɓawa. Da ido na ƙarasa. Na ja sandar. Ba ta so fitowa ba. Na ja da hannu biyu, ta fito da dunƙulen giris a gindinta, fari-fari, ya riƙe siffar ramin da ya fito.

Duk bakaniken da ya ga wannan dunƙulen ba ya bukatar a yi masa bayani. Tamaki direba ce, ba bakanike ba ce. Idonta yana kan kan sandar, inda tafin ubanta ya fara cinye fenti.

"Ba ni," in ji ta.

"Me za ki yi da ita? Ki sa a gaban hotonsa?"

"Nagoya zan mayar musu. Su buɗe, su auna, su gaya min dalili. Mutum nawa suka saya a Kitami? A Obihiro fa? Kowa a giya yake barin mota. In tasu ce ba ta jure sanyi, su janye ta kafin wata ta durƙusa a kan ubanta."

Norio ya ce, "Sun amsa min waya da na taɓa tambayarsu wani abu. Sun ce in aka mayar da kaya, mako uku suke yi su rubuto sakamako."

Wato shi ma ya yi nasa binciken a ɓoye. Ban sake raina yaron gidan waya ba daga ranar.

Na ce, "To bari in wanke miki ita. Ba a aika wa mutane kaya da datti."

Bakina ne ya faɗa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa miƙa wa mai mota ƙarfe ban wanke ba, kowa ya san haka.

"To, wanke," in ji ta. "Na gode, Baffa."

Bahon kananzir yana daga ciki, taku uku daga ƙofa. Na shiga. Na ɗaga murfin. Burushi yana rataye a inda yake kullum. Tsoma ɗaya, goga biyu, ta fito tas tana ƙyalli. Mutanen Nagoya su auna ƙarfensu, su ga lafiyarsa lau, su rubuto takardar ban haƙuri mai ladabi, su ce ba su gano dalili ba. Tamaki ta zauna da rashin dalilin har ta tsufa. Allona ya ci gaba da ratayuwa.

Na tsaya a kan bahon. Ta taga ina hango su. Ya cire gyalensa na wuya ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Bai janye hannun ba.

Kada wani ya rubuto min cewa na yi jarumta. Ban ji tausayi ba, ban ji tsoro ba, ban tuna fuskar Shozo ba. Ba abin da na ji. Na ce wa hannuna ya sauka, bai sauka ba. Ko sanyi ne, ko wani abu ne, oho.

Na mayar da murfin. Na fito.

"Ba ka wanke ba," in ji Tamaki.

"Na sake tunani. In za su bincika, su gan ta yadda ta fito. Kada ki goge komai. Har abin da yake gindin nan, ki ce su duba."

Ta ɗan kalle ni. "To. Kai ka san aikinka."

Norio ya matso kusa da kunnena. "Baffa, ai mun yi da kai ƙarfen naka ne."

"Nawa ne. Shi ya sa na bayar."

Ta nemi abin da za ta naɗe ta. Na ce bari in ɗauko tsohuwar jarida. Ta ce a bari. Ta zaro koriyar takardar, ta shimfiɗa a kan bonet, ta ɗora sandar a tsakiya, ta naɗe. Maiƙo ya huda layin da aka bar wa shaidu.

"Ban yafe maka ba," ta ce wa mijinta. "Takarda ce kawai ba ni da wata."

"Na ji."

"Hannuna ba zai riƙe sitiyari ba. Kai ka tuƙa."

Ta bar motarta a filina. Ya buɗe mata ƙofa, ta shiga da ƙunshin a cinya. Suka fita a hankali, ya kunna sigina ko da yake ba kowa a titin.

To ga yadda cinikin ya tashi.

Norio ya shigo da niyyar ya sayar da sunansa ya sayi kwanciyar hankalin matarsa. Bai samu abin da ya zo saye ba, amma ya koma gida da sunansa da matarsa a kujerar gefe. Shi ya ci riba, bai ma san ya ci ba.

Tamaki ta zo da miji mai laifi, ta koma da laifin a cinyarta. Ita ta yi asara. Sai dai asararta ta mako uku ce, ita ma ba ta sani ba.

Ni kuwa da na fi kowa wayo a cinikin Juma'a, ran Litinin za a sa allon garejina a akwatin gidan waya, da hannun Norio za a buga masa tambari.

Mako ukun nan ina iya rage mata su da kira ɗaya. Wayar tana kan benci, kusa da murhu. Na zauna a gabanta, ina jiran yatsuna su dawo.